Dattijo a Kan Babbar Gada

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa,
Babban Birni.

Daga: Ma'aikacin ɗakin gwajin jini, asibitin garinmu.

Litinin, 14 ga Yuli.

GAME DA: RUFE BABBAR GADA BA SANARWA DA ABIN DA YA SAMI SURUKINA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kokena kan abin da ya faru ranar Asabar, 12 ga wata. Na kawo iyalina birninku hutun ƙarshen mako: matata, 'ya'yanmu mata biyu, da mahaifinta, wanda duk muke kira Baba. Ni na matsa masa ya biyo mu. Ya ce jikinsa ba na tafiya ba ne, na ce ai a zaune zai ga komai. Da safe mun zaga gidan namun daji, jikokinsa na tsokanarsa wai raƙumin dawa ya fi shi tsawo, ya ce ya ji, amma a tambayi raƙumin ina nasa gemun. Ban taɓa jin dariyarsa haka ba. Bayan azahar muka nufi hasumiyar kallo da ke tsallaken gada.

1. Jami'anku sun rufe hannu ɗaya na gadar domin fenti, ba allo, ba mai karkatar da motoci. Sai da muka hau muka gani. Gaba a toshe, baya a toshe, har rana ta yi sanyi.

2. Baba yana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Ya raɗa wa 'yarsa, ita ta gaya mini. Na sauka na roƙi jami'in da ke wurin ya bar mu mu bi hannun da aka rufe, tunda fayau yake. Ya ce umarni ne daga sama. Ina tsaye ya janye shingen, wata mota mai baƙin gilashi ta wuce.

3. Bayan gidan jama'a da ke gindin gadar a kulle yake. Na je da gudu na duba. An ce mai mabuɗi ya tashi aiki.

4. Abin da ya biyo baya, ranka ya daɗe, ba sai na rubuta ba. Baba ya cire hularsa ya ɗora a cinya. Autarmu ta tambayi me ya zube, uwarta ta ce gorar ruwa ce. Da muka koma masauki, Baba ya wuce ɗakinsa kai tsaye.

Domin adalci, dole in ƙara wannan. Kafin mu hau gadar mun wuce wani gidan mai, matata ta taɓa ni ta ce mu ɗan tsaya saboda Baba. Na ce ya yi haƙuri mu tsallaka, kada a rufe ƙofar hasumiya. Ni nake karɓo masa maganin nan duk wata, na san aikinsa sarai. Mutum ne da bai taɓa ko cin abinci a gabana ba.

Washegari Lahadi ya shiga motar haya ya koma gida shi kaɗai. Bai yarda mun haɗu ba. Ya bar saƙo wurin 'yarsa cewa ya gode da yawo, Allah Ya yi mini albarka. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai daraja da ya riƙa sanya allon sanarwa tun daga nesa, ya bar mabuɗin bayan gidan a hannun mai aiki, ya kuma umarci jami'ai su saurari uzurin tsofaffi da marasa lafiya. Ba na neman a hukunta jami'in. Ba shi kaɗai ya ce wa Baba ya jira ba.

In za a ba ni amsa, don Allah a aiko ta wurin aikina, kada a kai gida. Baba bai san na rubuto ba, kuma ba zai so wani ya ji ba.

Ka huta lafiya. Allah Ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Surukin dattijon.