Motarka Ta Iso Gida Ba Direba

Zuwa ga Yayana Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Ba zan tambaye ka aiki ba, ba zan tambaye ka gajiya ba, ka gama da su duka. Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa motarka ta iso gida ranar Talata. Na san akwai masu leƙen abin da nake rubutawa a shafin nan na intanet. Su leƙa. Wasunsu ma suna cikin waɗanda suka yi mini dariya a hanya.

Zazzaɓin kwana huɗu ka yi a Fatakwal, ka cika da hantsi, kafin azahar Hausawan unguwarku sun yi maka sutura sun kai ka. Sun kyauta, haka addini ya ce. Amma mu nan waya kawai muka samu. Ba mu ga makara ba, ba mu ga ƙasa ba. Kwana uku zaure cike ana ta'aziyyar abin da babu wanda ya gani.

Inna ba ta yi kuka ba. Kai ne ɗan farinta, ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Wancan." "Na Kudu." In ka bugo waya sai ta miƙo mini ta ce in ji abin da kake so. Ranar da ka turo hoton motar kuwa kau da kai ta yi, ta ce, "Ku kai can, ni me na sani a mota." Da labarinka ya zo, mata suna kururuwa, ita tana ba su haƙuri kamar ɗan wata ne ya mutu. Na tsaya a tsakar gida na ce wace irin alkunya ce wannan har da gawa. A gaban mutane na faɗa. Ta ci gaba da ba matan haƙuri.

Bayan addu'ar bakwai Kawu Ɗanladi ya kawo shawara a sayar da motar a can, wai ya fi sauƙi. Gaskiyarsa kuwa. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki: "A kawo ta. Kuma kada kowa ya zauna masa a wuri."

Iyakar abin da ta ce ke nan a kanka tun rasuwar. To ka ga da direba za a ba, kwana biyu ya ishe shi. Amma direba da ɗuwawu yake tuƙi. Dole sai dai a ɗauko ta.

Ka san tirelolin da ke kai shanu Kudu daga Ɗanbatta ba sa son dawowa fayau. Katako, jarkokin manja, mutane, duk abin da ya samu. Da ɗaya daga cikinsu muka shirya, ta wani direba da ake kira Mamman Dogo.

Da na isa Fatakwal na sami motar inda ka ajiye ta, a gindin mangwaron gidan hayarku. Hularka na gaban gilashi, carbinka na rataye a madubi. Kujerar an tura ta baya har ƙarshe saboda ƙafafun nan naka, kuma ta lotsa ta gefen hagu inda kake kishingiɗa wa ƙofa. Ban taɓa komai ba. Ɓarin goron da ka bari ma na ƙyale shi ya ci gaba da bushewa.

Janwe ta ja ta zuwa dakalin da ake sauke shanu, a can aka yi lodinta. Tirela ta ja da baya ta jingina da dakalin, sai a turo mota ta shige. Mamman Dogo ya buɗe ƙofarka ya ɗaga ƙafa zai shiga, na damƙo rigarsa ta baya. Da na yi masa bayani sai ya dubi jama'a ya ce, "Shekara ashirin ina ɗaukar motoci, yau na ga wadda ke takaba." Na ce masa shekara ashirin ɗin ba ta koya masa sallama kafin ya buɗe ƙofar mutane ba. Aka raba mu. Na shiga ta gefen fasinja, na miƙa hannun hagu na riƙe sitiyari, ƙarti shida suka tura. Aka rage wa tayoyi iska, aka danna musu waigi, aka ɗaure ta da igiyoyin da suka kawo shanu. Har yau in ka matsa kusa da ita za ka ji warin kashinsu. Wannan ba yadda na iya.

Kwana uku muka yi. A kowane shinge sai an hau an duba takardu, ni kuma in karanta musu lamba ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ce sai ya shiga ya tayar da inji. Bokon da na tsinta a tsofaffin littattafanka na firamare da jikin buhun taki ya yi rana.

Bayan mun haye gadar Makurɗi ruwa ya kece. Fasinjojin da ke kan katako suka rasa wurin fakewa. Akwai wata mai jego da wani dattijo da ke tari. Na buɗe musu baya, mutum huɗu suka cusu, ɗaya ya shiga gefen fasinja. Wani mai ƙatuwar jaka ya leƙa ta gilashi ya ce, "Ga wuri nan a banza!" Na jingina bayana da ƙofarka, na tsaya nan ruwa na dukana har ya ɗauke. Ya kira ni mahaukaci sau uku. Ban musa ba, amma na gaya masa ra'ayina game da jakarsa da kuma wanda ya haife shi. Wannan kam ka san ba zan fasa ba.

Mun ratsa Kano da safe, muka ci cunkoson Bacirawa, da hantsi muna kasuwar shanun Ɗanbatta. Aka sauke ta a dakali kamar yadda aka loda ta. Kawu ya zo da shanun huɗarmu biyu, muka ɗaura musu ita. Shi yana gaba da sanda, ni ina gefen fasinja da hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a burkin hannu, kujerar direba ba kowa. Masu acaɓa suka raka mu da tsiya. "Sani, ba mai ne?" "A'a, aljani ne direban, ku ba shi hanya!" Na haddace fuskokinsu, ina sane da kowa.

Sai da muka saki kwalta muka shiga hanyar gonaki sannan na tuna maganarka. Zuwanka na ƙarshe ka tsaya daidai kwanar tsamiya ka ce, "Kowa in ya zo huɗa sai ya ci taku ɗaya na hanya. Wata rana makara ma ba za ta wuce nan ba." Na ce maka zaman Kudu ya sa ka manta darajar ƙasa.

To a kwanar tsamiyar muka maƙale. Gero ta dama, gero ta hagu, ya fi tsayin mutum, saura mako biyu girbi. Madubai duka biyu suka cusu cikin kara, shanu suka tsaya. Ta dama gonarmu ce. Ta hagu ta Malam Iro, wanda bara na kira ɓarawon hanya a gaban mai unguwa, tun daga ranar ko gaisawa ba ma yi. Tunda da kai nake magana bari in faɗi gaskiya: shi layi biyu ya ƙara, ni ma layi biyu.

Shanu ba sa jan mota da baya. Kawu ya share gumi ya ce ba abin da ya rage sai a kira direba ya shiga ya tayar da ita, ya koma da baya, a zagaya ta hanyar Watari. Ya ce Inna ba za ta sani ba. Daga nan ana hango rufin gidanmu, Yaya. Na ɗauko ta tun daga bakin teku, ga shi abin da na shuka da hannuna ya tare ni.

Sai ga Malam Iro ya fito daga cikin geronsa da magirbi a kafaɗa. Na shirya bakina tsaf. Ko kallona bai yi ba. Ya tambayi Kawu, "Ta Auwalu ce?" Kawu ya ce ita ce, ya gaya masa abin da Inna ta ce. Ya dubi kujerar direba. Sannan ya tofa yawu a tafi ya fara sare geronsa, layi biyun nan, tun daga kwana har bakin rijiya. Kawu ya ce haba Malam, bai gama nuna ba. Ya ce, "Dama yara sun dame ni da tumu, sai a gasa musu."

Na fito na shiga namu layin ina tumɓukewa da hannu. Da ya gama nasa ya miƙo mini magirbin. Godiyar da na yi masa ma a karkace ta fito.

Mun iso ƙofar gida ana kiran la'asar. Unguwa ta taru, ana shafa ta, ana Allah ya ji ƙan mai ita. Inna ba ta leƙo ba. Raina ya sake ɓaci, na ce a zuciyata ashe wahalar banza na sha. Maza suka wuce masallaci, mata suka koma ciki, ni na tsuguna a bayan motar ina kwance igiya.

A nan na ji takunta. Ba ta gan ni ba. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta buɗe ƙofarka. Ta daɗe tana kallon kujerar. Ta sa tafin hannunta a wurin da ya lotsa, ta bar shi nan. Sannan ta rufe a hankali kamar mai gudun tayar da mai barci, ta zagayo ta shiga gefen fasinja, ta gyara mayafinta, ta fuskanci gaba kamar wadda za a kai unguwa.

Ta ce, "Auwalu, sannu da hanya."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi. Daga nan sai kukan ya zo.

Ban motsa ba har ta fito. Jam'i ya wuce ni, ƙafata ta yi sanyi, kuma ban taɓa gaya mata na ji ba. Ba ta karatun boko, masu leƙen nan kuma ina roƙonsu, karo na farko da na roƙi wani abu a wurinsu, kada wanda ya kai mata.

Washegari ta aika wa Kawu cewa yanzu a yi da motar yadda shari'a ta ce. Hular kawai ta ɗauka. Ta koma kiranka wancan, ni kuma na daina jin haushi. Na shiga na ba ta haƙurin maganar da na yi a tsakar gida, ta ce wace magana, ta tura mini kwanon fura.

Hanyar tana nan a buɗe. Ni da Malam Iro muna gaisawa, ba da yawa ba. In damina ta zagayo za a ga wanda zai fara cin taku, ina dai fatan ba ni ba ne.

Allah ya ji ƙanka, Yaya. Ya haskaka kabarin da ba mu gani ba, ya saka wa waɗanda suka kai ka, ya ba Inna tsawon rai da dangana. Ni kuma ya rage mini kaifin harshe, ko da kaɗan ne. Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, a kuma sami hanyar wucewa da mu.

Wassalam.

Ƙaninka,
Sani