Ranar da Na Aje Moto

Talata da dare, Konni

Likita ya ce hawan jinina ba zai sauka ba sai tumbin nan ya sauka: tafiyar ƙasa kullum, in rage fura da maiƙo. Yau na aje moto, na kama hanyar kasuwa da ƙafa. Mutum uku suka tare ni da jaje, wai ko ya lalace. Na huɗu Kawu Ila ne.

"Hau, kada ka ba mu kunya cikin gari."

"Kawu, motsa jiki nike."

"Hau, na ce."

Wa ke musu da Kawu? Gidanshi ya kai ni, wai na rame. Ya tsare ni da ido sai da na shanye ƙwaryar fura tas. Na fita rage tumbi, na komo ina sassauta zariyar wando.