Ƙarin Wasan da Ka Saya Min

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin can? Ya Anti Hauwa da yara? Mu a Runjin Sambo lahiya lau.

Ƙarin wasan kwamfutar nan na tono kayan tarihi da ka saya min, kwana huɗu na yi ina sauke shi, ana kawo wuta ana ɗaukewa. Hotunan sun yi kyau, amma yini ɗaya na gama shi. Gaskiya bai kai kuɗinsa ba.

Duk kushewar da na shiga a wasan, sai bakina ya yi wa mamata sallama. Ina tona kaburburan wasu a allo, na Baba kuwa ya rufta tun damina, ban je na gyara ba.

Jumma'a zan ɗauki shebur in je. Ka gaida kowa. Ka yi wa Baba addu'a, ni ma ka sa ni ciki.

Ƙaninka,
Sani