Aljanun Cikin Fitilun Titi

Ya ke hasken idona, ruwan sanyin tsakar rani, inuwar da nake fakewa idan rana ta take,

Kwana shida ke nan rabona da muryarki, kuma laifin nawa ne, ba na musu.

Kin tuna ranar da kika miƙo mini takardun nan masu ɗaurin zare a tashar bas? Kika ce wata ƙawarki ce ta rubuta labarin, in karanta in faɗi gaskiya. Wayyo, wane irin labari! Aljanu 'yan mitsi-mitsi masu fukafukan mazari, gari ya cinye musu daji, suka yi ƙaura zuwa cikin fitilun titi. Shekara tara ina hawa turakun nan ina gyara, ban taɓa ganin komai a ciki ba sai yanar gizo da matattun ƙwari. Yanzu kuwa sai na ƙwanƙwasa gilashin kafin in buɗe, abokan aikina na ta yi mini dariya.

Amma da muka haɗu, na faɗa miki wannan? Ina! Rabi kawai na karanta, na hau zuba. Na ce babi na huɗu ya yi tsawo, taron sarauniyar aljanu har gyangyaɗi ya sa ni. Na ce gwarzon labarin wawa ne, wane mai gyaran lantarki ne zai hau turke bai yanke wuta ba, babu ko safar hannu? Na ce ƙawar taki ba ta taɓa riƙe filaya ba. Kika yi murmushi, kika hau bas ba ki waiwayo ba. Lalle baki shi ke yanka wuya.

Jiya na kai babin ƙarshe. Wawan nan yana da tabon ƙuna a babban yatsansa na hagu, kuma yana yin fito da baki idan tsoro ya kama shi, kamar ni. Na dubi yatsana. Ashe babu wata ƙawa! Ke ce kika zauna kika gina gari guda, kika cika shi da haske, kika ɗora ni a tsakiya. Wa ya taɓa kallona haka? Me na yi da na cancanta?

Ƙanwarki ta ce kin cusa biro da takardu a ƙasan akwati. Don Allah, farin watana, fito da su. Idan hannun nan ya daina rubutu saboda ni, ba zan yafe wa kaina ba. Babi na huɗu dai yana nan da tsawonsa, ba zan yi miki ƙarya ba, amma sau uku na karanta shi yau.

Alfarma ɗaya nake roƙo: ki bar shi ya yanke wutar kafin ya hau. Ina so ya sauko lafiya, ya tsufa tare da wadda ke jiransa a gindin turken.

Naki har numfashin ƙarshe,
Wawan nan mai tabo a yatsa