Saboda Wankan Jika Na Sa Aka Rufe Ajin Yoga

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mai wannan shafi da masu karatu, manya da yara. Allah ya bar zumunci. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, maganar nan a waya na naɗe ta na aiko, na roƙi mai shafi ya rubuta yadda na faɗa, ya sakaya sunana. Sunayen da za ku ji ma na aro ne. Don girman Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, kuma kada a zage ni, abin da ke raina ya ishe ni.

A Jushi nake zaune, cikin Sabon Garin Zariya. Maigidana ya daɗe da rasuwa. Jikokina goma sha ɗaya, kuma in ka cire biyu da iyayensu suka tafi wanka gida, duk a kan ƙafafuna aka yi musu wankan farko. Matan da suka sani sun sani: ki zauna a ƙasa, ki miƙe ƙafa, ki kwantar da jinjiri a kan ƙwaurinki, ki gasa masa cibi, ki miƙe masa gaɓoɓi, ki juya shi kamar waina yana tsala ihu kina yi masa kirari. Ba ni da gona, ba ni da shago a kasuwa. Abin da nake da shi a duniya ke nan, in an haihu a ce a kira Umma. To sai gwiwa ta ci amanata. Shekara uku ina salla a kan kujera, goshina bai taɓa ƙasa ba.

Ɗana da zan kira Injiniya yana zaune a Samaru da matarsa Zainabu. Mahaifiyar Zainabu, Hajiya Mairo, a Basawa take, tsohuwar malamar firamare ce, ita kuma ƙugu ne ya kama ta har ta fara dogara sanda. Na girme ta da shekara biyar, tana kirana Yaya, ina kiran ta Hajiya, kuma shekara tara da muka haɗa zuri'a ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Ana nan, Zainabu ta samu ciki na uku. Rannan sai ga Injiniya ya zo min da wata tabarmar roba a naɗe, ya ce, "Umma, likita ya ce ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, sai da motsa jiki. Akwai wani aji na mata zalla a Samaru, yoga ake ce masa. Na sa sunanki da na Mama, ku riƙa zuwa tare." Na ce, "Da tsufana za ka kai ni makarantar 'yan tsalle-tsalle?" Ya ce, "Ba tsalle, Umma, miƙa ce kawai. In kina so ki yi wankan wannan mai zuwa, ai sai gwiwa ta lanƙwasu." Da wannan maganar ya kama ni.

Wani ɗakin taro ne na wata makarantar yara, Asabar da hantsi, Talata bayan la'asar. Mu kusan ashirin, da matan malaman jami'a, da 'yan kasuwar Sabon Gari, da mu tsofaffi. Malamarmu Rifkatu, Kirista ce 'yar Zariya, ma'aikaciyar gashin ƙashi, Hausarta ta fi tawa. Ranar farko, kafin kowa ta shimfiɗa tabarma, ta tsaya ta ce, "Iyayena, bari in gaya muku gaskiya tun yanzu. A ƙasar da abin nan ya fito, wasu suna haɗa shi da addininsu, har akwai wani da suke kira gaida rana. Mu nan ba ruwanmu da wannan. Ba haɗa hannu, ba waƙa, ba kiran sunan kowa. Musulma ta yi bisimillarta, Kirista ta yi addu'arta, mu miƙe jijiya mu koma gida." Ku riƙe wannan magana, da kunnena na ji ta, kuma haka yarinyar nan ta yi har ranar ƙarshe.

Tare muka fara da Hajiya Mairo, a kan kujera, muna ɗaga ƙafa muna nishi muna yi wa juna dariya. A keke ɗaya muke komawa, mu tsaya mu sayi awara. Kwanci tashi, sati shida, sai Hajiya ta sauka daga kujera zuwa tabarma. Sati takwas ta manta sandarta a aji, sai da aka bi ta da ita. Ni kuwa ina nan inda aka ajiye ni, gwiwa kamar an zuba mata siminti. Rifkatu ta fara cewa, "Ku kalli Mama, ku ga yadda take sauke numfashi." Kullum ku kalli Mama. Ni kuma sai ta dafa kafaɗata ta ce, "A hankali Hajiya, kowane jiki da ranarsa." Wa ya tambaye ta? Ni da na tsugunna na haifi tara, na yi daka, na yi surfe, na ɗauko ruwa daga rijiya, yau ni ake lallashi kamar 'yar yaye, matar da ta ƙare rayuwarta riƙe da alli ita ce abin koyi?

Abin da ya ƙarasa ni a falon Injiniya ya faru. Muna can mu biyu, Hajiya ta zauna a kan kafet ta naɗe ƙafa, yara suka hau ta suna ja mata mayafi, ni ina bisa kushin. Sai babbar jikar, 'yar shekara bakwai, ta ce, "Yanzu muna da kaka biyu, kakar ƙasa da kakar kujera." Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi, na ce, "Ja'ira, zan rama." Sai Injiniya, ɗan da na haifa, ya ce, "Mama, wallahi kin koma 'yar talatin. Umma, ki dage fa, kar Mama ta ƙwace miki wankan jariri." Wasa yake yi. Amma na ga Zainabu ta kalli mahaifiyarta ta yi murmushi, irin murmushin da ke cewa an riga an yi maganar a bayana. Hajiya ta ce, "Haba, wanka ai na Yaya ne, ni dai in miƙo sabulu." Ko wannan kirkin nata sai da ya ƙona min rai. Sadaka take ba ni da abin da yake nawa?

Daga ranar na daina ganin Hajiya Mairo, sai ƙugunta nake gani. In ta sunkuya ta ɗauki takalmi, zuciyata ta yi baƙi. In ta ce, "Yaya, jiya na yi sujada har ƙasa, na yi kuka," in ce masha Allah da baki kawai. Mace tana gaya miki ta kai goshinta ƙasa don Ubangijinta, ke kina jin haushi, wannan wace irin zuciya ce? Na sani, na yi istigfari, amma abin bai sauka ba.

Ana haka aka yi rasuwa a dangin su Hajiya, na je gaisuwa, na zauna kusa da Gwaggo Asabe, yayar Alhaji mijin Hajiya, wadda ba ya tsallake maganarta. Ta ce, "Na ga Mairo ta yar da sanda, me kuke yi a Samarun nan ne?" Da na ce miƙa ce da an wuce wurin. Sai na yi ajiyar zuciya, na sassauta murya na ce, "Gwaggo, ni dai raina bai kwanta ba. Malamar da bakinta ta ce a inda abin ya fito gaida rana ake yi da shi. Ga shi ran Asabar da hantsi rana tana shigowa ta taga, mu kuma muna sunkuyawa muna ɗagowa. Malamar ma kin san ba Musulma ba ce. Amma amana na ba ki, kada a ji daga bakina." Ko kalma ɗaya ban ƙirƙira ba. Na yanke rabin maganar yarinyar nan ne na ɓoye, na miƙa rabin da zai yi yanka.

Bayan kwana uku Alhaji ya hana Hajiya zuwa. Ta yi bayani, Injiniya ya je ya yi bayani, Alhaji ya ce an gaya masa daga majiya mai tushe, kuma ba zai sayi lafiyar ƙugu da imanin iyalinsa ba. Magana ta zaga, mazaje suka janye matansu ɗaya bayan ɗaya, mai makarantar ya ce ba ya son fitina, ya karɓi makullinsa. Ranar ƙarshe mu biyar muka rage. Rifkatu ta naɗe tabarmarta, idonta ya yi ja, ta ce, "Ban san inda na yi kuskure ba. Duk wadda na ɓata wa ta yafe min." Sannan ta durƙusa gabana ta kama gwiwata da hannu biyu ta ce, "Hajiya, ke ce kika fi damuna, don kin kusa. Kada ki bari. Ki ci gaba a gida, kullum kaɗan-kaɗan, yadda na nuna miki." Na ce mata Allah ya yi albarka. Da bakin nan nawa na faɗa.

Kuma na ci gaba, jama'a. Abin da na ce wa mutane bautar rana ne, shi nake yi kullum bayan walaha, in tura ƙofa in sa sakata, in shimfiɗa tabarmar roba. Wata biyu na sauka ƙasa. Wata uku na kai goshina kan darduma. Ita kuwa Hajiya, ta gwada yi a gida, Alhaji ya gani ya yi rantsuwa ba za a yi abin nan a gidansa ba, ta bari. Ƙugu ya dawo har ya fi da, ta koma kan sanda, ta koma salla a zaune.

Sati biyu da suka wuce Zainabu ta sauka, namiji. Aka kira Umma. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, aka ɗora min shi, ruwan ɗumi na gefe. Abin da na yi duk wannan don shi, ga shi a kan ƙwaurina. Hajiya Mairo tana kan kujerar roba a bakin ƙofa, sanda a jingine, tana miƙo min sabulu kamar yadda ta ce. Ta ce, "Kai, Yaya, Allah ya yi miki baiwa, dubi yadda kika zauna. Me kika yi wa gwiwar nan? Ki taimaka min da shi." Na ce man kaɗanya ne da addu'a. Washegari sai ga ta da kwalbar man kaɗanya a jaka, tana tambayata sau nawa ake shafawa. Wallahi ranar ban yi kirarin da na saba yi wa jarirai ba, har Zainabu ta ce, "Umma, yau ba waƙa?"

Ga inda nake neman shawararku. Bayan suna an kai Hajiya asibiti, likita ya ce lallai ta koma motsa jikin nan, in ba haka ba ƙafar za ta ci gaba da riƙewa. Rifkatu ta ce za ta riƙa zuwa har gida Basawa tana yi mata. Injiniya da Zainabu suka sake zuwa roƙon Alhaji, har ya sassauto ya ce, "Ku yara ne, ita kuma Mairo son abin take. Amma Hajiya Babba ta je ta gani da idonta, kuma dattijuwa ce ba za ta yi min ƙarya ba. In ta zo ta ce babu komai a ciki, na yarda, zan yi kaffarar rantsuwata." Hajiya Babba ni ce. Jiya Zainabu, da jegonta, ta durƙusa ta kama ƙafata tana kuka ta ce, "Umma, lafiyar Mama tana bakinki." Sun sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Kuma Alhaji ya ce Gwaggo Asabe za ta zauna, tunda ita ta kawo masa maganar tun farko.

Gwaggo ta riƙe amanata wata biyar, ba ta faɗi sunana ba. Amma in na buɗe baki a gabanta na ce babu komai, na mai da ita maƙaryaciya a gaban ƙaninta, kuma na san ta, ba za ta haɗiye ba, a take za ta ce, "Ba ke kika gaya min ba?" A gaban ɗana, a gaban surukata, a gidan surukai. Da wane ido Zainabu za ta sake miƙo min ɗanta? Wane zama zan bar wa Injiniya da matarsa, in ta san uwarsa ce ta mai da uwarta kan sanda? In kuma na ce ba ni da lafiya na ƙi zuwa, ko na je na ce Allah ne masani, asirina ya rufu, matar da ba ta taɓa yi min komai ba ta ƙarasa a kujera. Na yi tunanin in riga su, in je Basawa ni kaɗai in durƙusa wa Hajiya in gaya mata, sau biyu ina ɗaukar mayafi ina ajiyewa. Abin da ya fi ba ni tsoro, kuma don shi na kasa gaya wa kowa sai ku: har yanzu in na tuna za ta warke ta zauna a ƙasa yara su hau ta, wani abu yana motsi a ƙirjina.

Yau Talata. Saura kwana uku. 'Ya'yana, jikokina, malamai da ke karanta shafin nan, ku dubi Allah ku gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?