Ƙudajen da Suka Nuna Inda Zulkifli Yake

Zuwa ga Yaya Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Batulu da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe ta, ka ce mata ina cin abinci sosai, sanyin Ingila kuma da sauƙi.

Karatu yana tafiya. Yanzu a lambunan shaƙatawa na cikin gari nake aiki. Ina rataya tarko da guntun hanta, in duba yawan korayen ƙudaje. In ana sanyi ko iska, da kyar nake samun biyu. In rana ta buɗe bayan ruwa, tarkon cika yake yi. Malamata ta ce da girman tsutsarsu da zafin gari ake gane kwana nawa gawa ta yi.

Yaya, tun da ta faɗi haka, ba na buɗe tarko ban ga gonar dawarmu ta Farin Dutse ba. Kai ka ce min ƙudajen nan ne suka kai ku kan gawar ƙaninmu Zulkifli a gonar bayan ambaliya. Kwana biyar ana nemansa ta bakin kogi. Aka ce tun ranar farko ruwa ya ci shi, muka yarda.

Don Allah ka tuna min: a makon nan rana ake yi ko hadari? Tsutsa ka gani a jikinsa, ko ƙwai kawai? In ƙwai ne kawai, to ya yi kwanaki da ransa a gonar nan, yana jiran mu zo.

Kada Inna ta ji wannan. Ni kuma kada ka tausaya min, ka faɗi abin da idonka ya gani.

Allah Ya jiƙansa.

Ƙanwarka,
Nasiha