Muryar Babban Likita

Daga ofishin Babban Likita, shugaban dukkan likitocin asibiti, na hawan sama da na hawan ƙasa.

Zuwa ga Malama mai ɗinki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da keken ɗinkinki.

Labari ya iso teburina, kuma babban tebur ne, cewa kin zo wurin likitarmu mai sauraron damuwar mutane sau huɗu, daga nan kika ɗauke ƙafa. An ce tun rasuwar mahaifiyarki, wata biyar ke nan, ba kya kuka, ba kya dariya, abinci ma sai an tuna miki. An ce ƙaninki ya kira ki sau tara, kina ɗauka ki ce "to" ki ajiye.

Likitar ta gaya miki mutum sassa-sassa ne a ciki. Gaskiya ta faɗa, ni na koya mata. Kamar fanka ne: akwai kwayil, akwai boris, akwai fuka-fuki. In ta tsaya ba jefar da ita ake yi ba, buɗewa ake yi a ga wanne ya ƙone. Saboda haka na ba da umarni ki dawo ranar Talata ƙarfe goma. In kin ƙi, zan turo ma'aikata biyu su kwance miki kai da sukundireba.

Ki ba mai babur ɗin da ya kawo wannan takarda amsarki. Wassalam.

Babban Likita

*

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a shago. Ban san asibiti na sa ɗigo uku a ƙarshen kowace magana kamar ƙarshen aya ba, ga ta kuma tana warin man inji. Amma tunda ka tambaya, zan faɗa.

Ba kamar fanka ba ne. Likitar ta ce babu wanda ya ƙone a cikinsu, kowa aikinsa yake yi. Ɗakinta kujera biyu ne da agogo da kwalin tishu da ban taɓa zara ba. Ta ce in rufe ido in nemi inda rashin jin nan yake zaune a jikina. Na same shi a ƙirji, kamar an cusa auduga. Ta ce in dube shi kamar mutum. Sai na ga wata mata zaune a bakin ƙofa tana ɗinke bakin buhu, ko kai ba ta ɗagawa. Likitar ta ce irin wannan mai gadi ce, kada in kore ta, in tambaye ta me take tsoron zai faru in ta tashi. Na tambaya. Matar ta ce in ta tashi zan tuna ranar nan da aka kira ni cewa jikin Inna ya yi tsanani, na ce bari in ƙarasa hannun rigar da ke kan keke tukuna.

Na ƙarasa kuwa. Rigar ta yi kyau.

Ban ji komai ba da ta faɗa. Na yi wa likitar godiya, na sauko, na hau mota, ban koma ba.

Ni ma ina da tambaya. Ina da ƙane, autanmu, mai gyaran fanka. Shi kaɗai ne a ɗakin lokacin da Inna ta cika. Washegari ya kwashe takalman masu gaisuwa ya zuba a firij, kawunmu ya koma gida da silifa wari da wari. Har yau bai daina ba. Dangi na cewa ba shi da zuciya. Ni ba na ce haka ba, dariyarsa ce dai ba na iya saurara. Tunda kai ka koya wa likitar aiki, shi mai gadinsa me yake gadi?

Allah ya ƙara girma.

Mai ɗinki

*

Malama,

Sallama da gaisuwa. Maganar ɗigo uku, sabon tsari ne daga sama. Man inji kuwa na motar ɗaukar marasa lafiya ne.

Ƙanin nan naki mun san shi, shaƙiyyi ne na ƙarshe. Duk da haka na sa an kamo shi jiya da rana, lokacin da aka ɗauke wuta. An zaunar da shi a kan benci tsakanin matattun fankoki aka ce ya rufe ido, kamar yadda kika kwatanta. Ya yi ta dariya. Da dariyar ta ƙare babu kowa a shagon, sai ya ci gaba da rufe idon don ba shi da abin yi.

Nasa mai gadin a maƙogwaro yake. Ya ce ya ga wani mutum tsaye, tawul a kafaɗa, wayar caja rataye a wuya, ya ba shi baya yana ta surutu. Ya tambaye shi me kake tsoro, mutumin ya ce a shigo da mara lafiya na gaba. Yaron dai makarantar allo ya yi, ya san in abu ya ƙi zama maimaitawa ake yi. Ya maimaita har sau bakwai. A na bakwai mutumin ya ce: "In na yi shiru, juyawa za ka yi."

Wannan ba ya cikin littattafanmu. Wuta ta dawo, fankoki biyu suka tashi, muka sallame shi. Ya ce bai ji komai ba, sai dai ya kasa cin abincin rana.

Umarnin Talata yana nan. Wassalam.

Babban Likita

*

Ranka ya daɗe,

Barka da aiki. Na je ranar Talata. Na tsaya a ƙasan matakala har ƙarfe goma da rabi, na karanta duk takardun da aka liƙa a bango, na dawo.

Likitar ta taɓa ce min ba a ture mai gadi, izini ake nema, a kuma gode masa don ya daɗe a tsaye. Ka gaya wa ƙanina ya gode wa mai tawul, sannan ya juya. Duk abin da ya gani ya gaya min. Ba zan yi fushi ba, ba ni da fushin ma.

Ka huta lafiya.

Mai ɗinki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode masa, na juya.

Ranar nan a asibiti Inna ce ta ce, "Auta, yi min babban likita." Na ɗauki tawul ɗinta na rataya, na sa wayar caja a wuya, na fuskanci taga na goya hannu a baya kamar yadda yake yi, na fara. Ta yi dariya a farko, na ji da kunnena. Sai na ja abin, na yi ta yi. Da na waiwayo ta riga ta tafi, ban san a kan wace magana ba. Yaya, sai na sake juyawa wajen tagar na ƙarasa wasan har ƙarshe, sannan na kira nas.

Ke kin ƙarasa riga, ni na ƙarasa wasa. Ban yi kuka ba da nake rubuta wannan, biron ne dai ya yi nauyi.

Talata mai zuwa ina ƙasan matakala tun tara da rabi. Kin ce kujera biyu ce a ɗakin, zan zo da ta shago.

Babu wani Babban Likita da ya rubuto miki. Kin sani tun daga ɗigo uku, tunda ke kika koya min boko kika kasa raba ni da su.

Ki gaishe da maigida.

Ni ne, Auta